Gurbin Saverio a Bangon Maƙabarta

Liège, 19 ga Nuwamba

Yaya Nicandro,

Ranar Talata, 4 ga wannan wata, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ɗana Saverio ya cika a asibiti bayan jinyar kwana tara. Shekararsa ashirin da shida.

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Yaya ƙafarta da sanyin duwatsun garinmu? Mu lafiya lau muke. Na koma koyarwa, uwarsa kuma tana cin abinci idan aka zauna kusa da ita.

Ka tuna shekarar da lardinmu na Isernia yake ta rasa mutane saboda ƙaura, har garinmu ya kusa kasa cika dubu? Kana magajin gari, ka kama hannuna ka ce, "Haba farfesa, bar mana sunan yaron a rajistar mazauna gari, kada a rufe makaranta. Ai ɗan gida ne." Na bari, yau shekara goma sha ɗaya ke nan, alhali bai taɓa yin wata guda a can ba.

Jiya na roƙe ka gurbi ɗaya a bangon maƙabartar garinmu, inda ake saka gawa, kusa da Baba. Ka ce, "Ottavio, guraben sun yi kaɗan, ga tsofaffinmu suna jira. Ka dai san ba mazauni ba ne." A rajistarka kuwa, har yau mazauni ne.

Ba bayani nake nema ba. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, kada a gaya mata na roƙa.

Yau kwana goma sha biyar ke nan, ba a binne Saverio ba.

Ƙaninka,
Ottavio