Tarin Taurarin da Baba Bai Gani Ba

Daren Laraba, ƙarshen Oktoba, Kaura Namoda

Barci ya ƙi zuwa, sai juyi nake yi. Yau dai na ga Andiromeda, tarin taurarin nan mai nisa da nake koya wa ɗalibaina alhali ban taɓa sa shi a ido ba. Damina ta wuce, babu farin wata, ga shi an ɗauke wuta. Bayan isha'i na tsaya tsakar gida da madubin hangen nesa da na aro a makaranta. Sai da na ɗan kau da ido gefe sannan ya fito, arewa maso gabas, fari-fari kamar an shafe alli da yatsa.

Da gudu na je na kamo hannun Baba. Shi ya fara nuna mini Kaza da 'Ya'yanta a gonarmu ta Dauran, kafin 'yan bindiga su tashe mu. Ya daɗe yana leƙe.

"Ban ganin komi, Sani. Yanar idon ga ta hana."

Na ce ya sake gwadawa. Ya miƙo mini madubin yana murmushi.

"Bari dai a yi min aikin idon. Ai yana nan, ko?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Amma aikin sai ƙarshen Maris aka ba mu, kuma a lokacin tare da almuru Andiromeda yake faɗuwa yamma, ba zai ganu ba sai bayan wata daminar. Baba kuwa kullum ƙara ramewa yake yi. Da asuba zan koma asibitin, in roƙe su su matso mana da ranar.