Wuƙar Yaba a Ƙofar Asibiti

Amman, farkon Oktoba

Zuwa ga ƙanena Zuhair, a Salala.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Wijdan da yara, da ɗalibanka.

Ta waya na gaya maka mahaifiyarmu Yumma ta samu sauƙi. Rabin gaskiya ne. Shanyewar ɓarin jikin ba ta ƙaru ba, tana gane mutane, amma ba ta magana, kuma ta daina cin abinci. In nas ta kawo cokali sai ta juya kai ta kalli ƙofa. Likita ya ce haɗiyarta lafiya lau, ƙi ne kawai take yi. Ya ce in ba ta ci ba zuwa ƙarshen mako mai zuwa, za su zura mata roba ta hanci.

Mahaifinmu Yaba kuma bai gan ta ba tun ranar da aka kwantar da ita. Ga yadda aka yi. Watannin baya wasu dangi biyu sun yi faɗa a ɗakin jinya har aka soki mutum, shi ne asibitin ya kafa na'ura mai gano ƙarfe a bakin ƙofa. Yaba ya iso daga garinmu Ajlun da jakar tuffa, ya ratsa, na'ura ta yi kuka. 'Yar wuƙarsa ce ta aljihu, mai ƙotar itacen zaitun, wadda yake auren bishiyoyi da ita.

Mai gadin, wani tsohon soja mai suna Taisir, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, Hajji, in ka fito ka karɓa."

Ka san Yaba ba zai taɓa sa wa mutum wuƙa a hannu ba. Sai ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa, daidai gaban takalmin mutumin.

Taisir ya ce, "Ni zan durƙusa maka? Bawan gidanku ne ni?"

Yaba ya ce, "Mutunci na yi maka, amma na ga ba ka san kamarsa ba."

Nan murya ta tashi, mutane suka taru. Yaba ya ɗauki wuƙarsa ya fita. Tun ranar kullum yakan zo da safe, ya zauna a benci ƙarƙashin bishiyar da ke wajen ƙofa, jakar tuffa a cinya, sai la'asar ya tafi gidana. Na roƙe shi ya bar wuƙar a kan teburina. Ya ce to, washegari na ga ta koma aljihu.

Na fere tuffa a gida na kai wa Yumma. Kafin in isa tuffar ta yi ja. Ta kalle ta, ta kalle ni, ta koma kallon ƙofa.

Ka rubuta masa. Kai yake saurara, ko da yake ban taɓa gane dalili ba.

Yayarka,
Nazmiyya

Salala

Yaya Nazmiyya, uwar gyara,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ba kuskure ko na ɗigo ɗaya, kamar shafin farko na jaridarku. Na karanta a ɗakin malamai, na yi dariya wajen takalmin, sannan na fita bayan aji na yi abin da ba zan rubuta ba.

Wane irin soja ne wannan da bai san ba a miƙa wuƙa hannu da hannu? Uwarsa ba ta gaya masa gaba take haifarwa ba? Ni ma lokacin da Yaba ya ba ni tawa wuƙar, a kan katanga ya ajiye ya yi tafiyarsa kamar ya manta. A filin jirgi suka karɓe ta ranar da zan taho nan. Har yau bai sani ba, kuma in kin faɗa masa zan ce ƙarya kike.

Shawarata: ki cusa ta cikin burodi. Ko ki ba Anti Fadda ta sa a ƙirji, in ga namijin da zai laluba.

Yanzu maganar gaske. Kina ce taurin kai ne, ni ban yarda ba. Ke kin tafi makarantar kwana da wuri, ni na daɗe a gidan. Yaushe kika taɓa jin Yaba da Yumma suna hira? Bayan magariba zai zauna a dakali, ya buɗe wuƙar, ya fere tuffa ɓawon bai tsinke ba. Yankan farko shi zai ci, ya ce, "Da tsami." Na biyu ya miƙa mata a bakin wuƙa, ta ce, "Na ƙoshi, Abu Zuhair," ta karɓa. Haka har tuffar ta ƙare. Hirarsu ke nan tun kafin a haife mu.

To ki ce masa ya shiga ɗakin nan hannu sake, ya tarar da ita baki a karkace, ba ta iya cewa ta ƙoshi. Me zai yi? Me zai ce? Tsoro yake ji, Yaya. Mai gadin nan ya taimake shi ne da ya ba shi dalilin zama a waje.

Na rubuta masa, takardar tana cikin wannan ambulan. Na nemi hutu, shugaban makaranta ya ce sai bayan jarrabawa. Ki sumbaci hannun Yumma a madadina, na dama, wanda take dukana da shi.

Ƙanenki,
Zuhair

Amman

Zuhair,

Sallama da fatan alheri. Zan bi abubuwa a jere.

Burodi: na faɗa wa Yaba. Ya ce, "Ni ɓarawo ne da zan shiga wurin matata da sata?" Takardarka ya karanta, ya ninke, ya ce rubutunka bai gyaru ba.

Na je wurin shugaban masu gadi. Mutum ne mai hankali. Ya ce in ya bar wuƙar dattijo ɗaya, gobe kowa zai zo da dattijonsa, kuma shi ya ɗauki wanda aka soka zuwa ɗakin tiyata, rigarsa ba ta wanku ba. Yana da gaskiya.

Sai na koma wurin Taisir. Na ce masa a garinmu mutum ba ya sa wuƙa a hannun wanda yake so su rabu lafiya, ajiyewa yake yi, kuma da akwai tebur kusa da a kai zai ajiye. Ya ce bai sani ba. A bariki ya tashi, a Zarƙa, bai taɓa ji ba. Ya ce, "Wato tsohon nan zumunci yake nema, ni kuma na zage shi a gaban jama'a?" Na ce Yaba ma bai bar bashin zagi ba. Ya ce, "Wallahi bai bari ba."

Abin da ka rubuta game da dakali shi ya tsaya mini. Dokar ta hana wuƙa shiga, ba ta hana mara lafiya zuwa bakin ƙofa ba. Likita ya yarda a sauko da Yumma a keken marasa lafiya in rana ta yi ɗumi.

Shekaranjiya muka yi. Na turo ta har gaban na'urar, daga ciki. Taisir ya fita da kansa zuwa bencin, ya dawo da Yaba, ya ba shi kujerarsa daga waje. Yaba bai kalli Yumma ba. Ya zauna, ya buɗe wuƙa, ya fara fira. Ɓawon ya tsinke, ban taɓa ganin haka ba. Ya ci yankan farko ya ce, "Da tsami." Ya soki na biyu ya miƙa ta cikin ƙofar.

Na'ura ta fasa kuka.

Kowa ya juyo. Taisir ya ɗaga hannu ya ce, "Ku wuce ta gefe in duba ku, mai wuƙar yana waje."

Yumma ta kalli fitilar da ke ƙyaftawa, ta kalli Yaba, rabin fuskarta ya yi dariya. Ta ɗan kau da kai, a madadin "Na ƙoshi" ɗin nan da ka ce, sannan ta buɗe baki. Duk yanka sai na'urar ta yi kuka. Wata mata a layi ta ce, "Hajji, ango ma ba a yi masa wannan guɗar ba." Yumma ta ci fiye da rabi. Da yamma ta karɓi miyar adas, ƙananan waken nan, daga hannun nas. Likita ya ɗage maganar roba, bai soke ta ba tukuna.

Yaba dai har yanzu bai taka ciki ba, kuma sanyi ya kusa. Ban san yadda za mu yi ranar da ba za a iya saukowa da ita ba.

Ka gaida Wijdan. Ka yi gaskiya a kan dakalin, kada ka saba.

Nazmiyya

Amman

Ɗana Zuhair,

Bayan gaisuwa. Uwarka tana ci.

Jiya an yi ruwa, ba su sauko da ita ba. Taisir ya kawo ƙaramin tebur ya ajiye a bakin ƙofa. Na ɗora wuƙar a kai. Bai taɓa ta ba sai da na juya baya. Yaron kirki ne, sai dai bakinsa.

Na hau sama. Ɗakin fari ne ƙwarai. Na zauna, ban san inda zan sa hannuwana ba. Ta kama ɗaya. Muna nan a haka har aka ce lokaci ya yi.

Na san sun karɓe taka a filin jirgi, Wijdan ta faɗa wa uwarka tuntuni. In ka zo gida ka duba kan katanga.

Mahaifinka