Shekara Biyun da Ka Ƙara wa Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Inna ta samu sauƙin tari. An gama shuka, sai dai rabin gona ya zauna haka nan, don mai nome shi ba ya nan.

Saƙonka ya iso. Ka ce in yi haƙuri, wai Dogo ya mutu jarumi. Yaya, ban taɓa ɗaga maka murya ba, amma yau sai ka saurare ni. Shekarar ɗana goma sha shida. Kai ka karɓi takardar haihuwarsa daga hannuna, ka ce za ka nema masa wurin koyon kanikanci, ashe kai ta ka yi aka ƙara masa shekara biyu don a ɗauke shi soja. Da na yi magana ka ce tsawonsa zai rufe sauran. Ya rufe kuwa.

Wata huɗu kacal ya yi a bakin daga. Ranar Talata sojoji biyu suka tsaya a ƙofar gida, babbansu ya karanto sunansa daga takarda, ko daidai bai faɗe shi ba. Gawa ba su kawo ba, wai an binne shi tare da sauran waɗanda suka mutu a can. Jakarsa suka miƙo mini. A ciki na tarar da wasiƙar da bai gama rubutawa ba, yana tambaya ko akuyarsa ta haihu. Yaron da ka tura yaƙi ke nan.

Jiya shugaban makaranta ya zo, wai za a yi taro a kafa hotonsa a bango don yara su yi koyi da shi, kuma kai za ka yi jawabi. Na ce masa wallahi ranar da na ga hoton nan da hannuna zan cire shi, ya je ya koya musu karatu. Kai ma kada ka zo mini da jawabi. Ka koma inda aka canza takardar nan, a mayar wa ɗana shekarunsa na gaskiya, kowa ya ga wanda aka kashe. Sannan ka zo mu gaisa.

Inna tana gaishe ka, har yau ban gaya mata abin da ka aikata ba ne. Ka gai da matarka da yara, musamman babban naka, sa'an Dogo, da na ji ya shiga aji biyar na sakandare. Allah ya raya maka shi.

Ni ce ƙanwarka,
uwar Dogo.