Fuskar da ke Cikin Madubi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya shago, ya yara? Na sauka lafiya.

Albishirinki! Cikin hotunan da aka kawo wannan bikin gasar hotuna daga ƙasashe barkatai, nawa aka zaɓa na talla, wanda na ɗauke ki kina kan keken ɗinki. Sun buga shi ya kai tsayin ƙofa. Daga nan baje kolin zai zaga har garin tsallaken iyaka, a manna hoton a jikin motocin haya, da sunan layinku a ƙasa. Ga kwafi na haɗo miki. Ke da kike cewa ɗaukar hoto sana'ar marasa aikin yi ce, yau sai ki ba ni haƙuri.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, na kuma yi maka murna. Amma da na buɗe kwafin nan na ga abin da kai ba ka gani ba.

Dubi madubin da ke bayana. Mai kitson da na ba wa gefen shago ce a ciki, fuskarta sarai, har tabon goshinta. Ka san wa ya yi mata tabon? Mijinta. Daga garin da ka ambata ta gudo da 'yarta, shi kuwa direban motar haya ne a can, ya rantse sai ya nemo su. Ban taɓa faɗa maka ba don bakinka ba ya riƙe magana.

Ka sa a cire hoton nan. Ba shawara nake ba ka ba.

Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki. Wallahi a gilashin kyamara madubin nan bai kai ƙwayar wake ba, sai da aka faɗaɗa hoton fuskar ta fito.

Na je wurin shugabar bikin, na roƙa a yanke gefen ko a dusashe fuskar. Ta ce dokarsu ba a taɓa hoto bayan alƙalai sun gani: ko ya tsaya yadda yake, ko in janye gaba ɗaya, sunana ya fita daga gasar. Yaya, tun ina ɗaukar hoton fasfo a bakin titi nake mafarkin wannan bango. Direbobi nawa ne ke tsayawa kallon madubin cikin hoto? Ki bar ni zuwa ranar da za a sanar da sakamako, daga nan in janye kafin a kai shi can.

Ki yi haƙuri da ni,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarka don dole. Raina a ɓace yake.

Kai kana lissafin bango, ita mai kitson ta daina zama kusa da ƙofa. Jiya wani ya tsaya tambayar kuɗin ɗinkin riga, ta saki kan da take kitsawa ta shige bayan labule. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Sai dai wannan karon ba kai za ka ji shi ba.

Yayarka

Yaya,

Barka da war haka. Na janye. Da hannuna na sauke shi daga bango, an kuma fasa na motocin. Sai dai sun riga sun sa shi a shafinsu na intanet tun ranar buɗewa, mutane sun yi ta yaɗawa. Yanzu sun goge. Don Allah ki gaya mini kuna lafiya.

Auta

Auta,

Muna lafiya, mu.

Da safe wani mutum ya shigo shago, ya nuna mini hotonka a wayarsa, ya ɗora yatsa kan madubin. Na ce ban san ta ba. Kafin ya gama dube-dubensa ta fice ta ƙofar baya da yarinyar, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ban san inda suka nufa ba. Mutumin yana nan zaune a tsallaken titi.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Yayarka