Ƙullutun Ƙeyar Dogo

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na yi ɓarna, kuma kai kaɗai zan iya gaya wa. Ka san Dogo direba, wanda shekara goma sha biyu ba mai yi masa aski sai ni. Yana da wani ƙullutu a ƙeya kamar ƙwan tattabara, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Duk wata in na gama askin sai in matse masa, wani farin abu mai wari ya fito, wurin ya lafa, ya yi ta kuranta ni a shago wai na fi likita. Ni ma kaina ya kumbura. Makon jiya abin ya yi ja, ya tara ruwa, har wuyansa ya ƙi juyuwa, ya ajiye mota. Ni na raka shi asibiti, amma a hanya sai ɗaure mini fuska yake yi. Ba askin nake ji ba, Yaya, abotar nake tsoron ta mutu.

Ka taya ni da addu'a.

Ƙaninka,
Mai Aski

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an cire maka bandeji, madalla.

Yaya, na ga inda ake aiki. Likitar 'yar ƙarama ce, ko kafaɗar Dogo ba ta kai ba, amma hannunta ba ya rawa. Da ta tambayi mai matse abin, na amsa laifina ina jiran wankin babban bargo. Sai ta jawo takarda ta zana mini. Ashe 'yar jaka ce a ƙarƙashin fata, ita ke tara abin. Ni kwashewa kawai nake yi, jakar tana nan tana sake cika, har matsar tawa ta fasa ta daga ciki. A ranar ta tsiyaye ruwan, ta ba shi magani, ta ce ba a cirewa sai kumburin ya sauka.

Bayan mako biyar muka koma. Ban san ko Dogo yana so ba, na dai bi shi. Ta yi allurar kashe zafi, ta ɗan tsaga kaɗan, ta bi gefen jakar a hankali har ta fito da ita gaba ɗaya, ta yi ɗinki huɗu. Shekara ashirin ina riƙe da reza, ban taɓa ganin tsabtar hannu irin wannan ba, wallahi har kunya ta kama ni. Awo ya nuna ba ciwon daji ba ne. Da za mu tafi ta ce na fi ta ganin kawunan mutane, duk ƙullutun da na gani in turo mata, kada in taɓa. Na riga na tura biyu.

Amma Dogo shiru, kwana ashirin bai leƙo ba, har na fitar da rai. Jiya ina shara sai ga shi, gashi ya yi masa buzu-buzu, ashe bai kai kansa wurin kowa ba. Ya zauna a kujera, ya cire hula, ya kalle ni ta madubi ya ce, "Aski kawai, Likita." Shago ya ɗauki dariya. Ni dai na juya baya na daɗe ina goge injin aski, don hawaye ya hana ni gani.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Mai Aski