Ƙafar Sabi'u da Ruwan Garke

Beli, Rogo
Litinin

Zuwa ga ƙanwata Munawwara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya mutanen Kano? Mu nan damina ta yi kyau, masara har ta kai ƙugu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san Inna, da waya ta yi ƙara sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ni kuwa ba na son ta ji wannan magana. Tun farkon damina ina huɗa shanu suka zabura, bakin garma ya tsaga mini ƙwauri. Na ɗauka abin 'yan kwanaki ne. Yanzu ya zama gyambo, mugunya ba ta tsayawa, da ƙyar nake takawa zuwa masallaci. Na je asibiti a Karaye, an yi allurai, an canza, an sake canzawa, shiru kake ji. Likitan ya dangwali mugunyar da auduga ya rufe a kwalba, ya ce a kai inda ake gwaji. Na ce ai ina da ƙanwa a jami'a wadda aikinta ke nan, binciken ƙwayoyin cuta. Ga kwalbar nan na ba Ɗanmaliki direba. Ki duba mini, ki faɗa mini gaskiya. Shekarun da kika yi kina leƙen abin da ido ba ya gani, yau ranarsu ta zo.

Matata Zakiyya da yara suna gaishe ki. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Sabi'u

Kano
Juma'a

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ba ka lafiya. A gaishe mini da Inna.

Gaskiya ka nema. Na shafa mugunyar a farantin gwaji, ƙwayoyin cutar suka tsiro, sai na jera musu magunguna iri-iri. Duk inda aka ajiye magani mai aiki, ƙwayoyin sukan ja baya su bar fili kewaye da shi. Naka ba su ja baya ba, Yaya. Sun bi ta kan magungunan sun rufe su. Na maimaita gwajin, abin bai canza ba. Magani ɗaya ne ya ɗan taɓa su, shi ma yana wahalar da ƙoda. Na rubuta wa likitanka sunansa. Don Allah ka faɗa mini abin da ka sha kafin ka je asibiti.

Akwai wata hanya da muke bincike a kanta, amma ban yi maka alkawari ba. Akwai wasu halittu da suka fi ƙwayoyin cuta ƙanƙanta, abincinsu ke nan ƙwayoyin cuta. Fej ake ce musu. Kowace da irin wadda take ci, kuma a ƙazamin ruwa ake samun su, kusa da inda cutar take zaune. Ka sa a ɗebo mini ruwan kududdufi, da na kwata, da wanda yake kwanciya a garken shanu, kowanne a gorarsa. Duk mai wanke maka ciwon ya riƙa wanke hannu da sabulu, kuma kada yara su taɓa tsumman.

Allah ya sa kaffara ne.

Ƙanwarka,
Munawwara

Beli
Asabar

Anti Munawwara,

Salamu alaikum, ina yini, ya aiki. Ni ce Zakiyya. Yayanki ba zai iya riƙe biro ba, shi ya sa na karɓa.

Ga goruna nan guda uku, da kaina na ɗebo. Matan unguwa sun gan ni durƙushe a bakin kwata, yanzu ana ta cewa asiri za mu haɗa. Ban kula su ba.

Kin tambayi abin da ya sha, shi ba zai faɗa miki ba. Kafso ne na kemis, ja da baƙi, in ya ji sauƙi ya ajiye. Da abin ya ƙi, sai ya sa aka yi masa allurar da yake yi wa shanu in sun yi ciwo. Na hana, ya ce ai duk magani ɗaya ne.

Anti, ina jin tsoro. Maganin da kika rubuta an fara tun makon jiya, fitsarinsa ya ragu, likita ya dakatar. Gefen ciwon ya yi baƙi, kumburin yana hawa sama. Warin ya sa na mai da yara gidanmu a Falgore. Inna ta gani da idonta, tun ranar ba ta cin abincin kirki. Zazzaɓi yakan rufe shi har ya yi ta kiran sunayen shanunsa. Jiya a Karaye likita ya ce a tafi Kano a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa tun abin bai shiga jini ba. Yayanki ya sa aka dawo da shi gida. Na yi kuka, na roƙe shi, sai ya ce, "Manomi da ƙafa ɗaya me zai yi? Munawwara tana haɗa mini magani. Zan jira ta."

Ke kaɗai yake ji. Ki gaya mana yaushe maganin zai iso.

Taki,
Zakiyya

Kano
Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Zakiyya da ɗawainiya. Zakiyya, ki karanta masa wannan lokacin da yake cikin hayyacinsa, kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Na samu. A ruwan garke na samu. Na ɗiga a kan ƙwayoyin ciwonka, washegari na tarar da ƙananan filaye tas a farantin, inda aka cinye su. Sai da na zauna a ƙasa don murna. Na zuba a kwalba na sa a jaka, niyyata in hau motar Rogo.

Shugabata Farfesa Bahijja ta tare ni a ƙofa. Ba ta yi faɗa ba. Ta tuna mini abin da na riga na sani: ruwan yana cike da dafin ƙwayoyin da suka mutu, kuma ba mu gama sanin me halittar take ɗauke da shi ba. Sai an tace, an gwada, an nemi izini, aikin watanni ne. Ta ce, "In kika zuba masa wannan yau, kina iya kashe shi da hannunki. Za ki iya zama da haka?"

Ba zan iya ba. Na ciro kwalbar na mayar.

Yaya, maganin ba zai iso ba. Kai kuma ba ka da watanni. Na karanta cewa ni kake jira, kada ka jira ni. Ka yarda a yi aikin. Gona za a samu mai huɗa, amma 'yarka Na'ima da ƙannenta ba su da wani uban. Na yi magana da likitocin tiyata a nan, suna jiranka. Don girman Allah ka shiga motar Ɗanmaliki gobe.

Ƙanwarka mai roƙonka,
Munawwara

Asibiti, Kano
Talata

Munawwara,

Salamu alaikum. An ce kin zo ina barci, kin koma wajen aiki. Sannu da ƙoƙari.

Kin dai ji daga saman gwiwa suka yanke, sun ce ƙasa ta riga ta lalace. Na gode wa Allah. Zazzaɓin ya ragu, amma bai tafi ba. Likita ya ce ranar Alhamis za su kwance bandeji su ga ko cutar ta tsaya nan ko ta haura. Har yanzu ban ɗaga mayafin na duba ba.

Ki nemi izini a wajen aiki ki zo ranar. Ki tsaya ta wajen kaina in za su kwance. Ke za ki fara gani, sai ki faɗa mini.

Yayanki,
Sabi'u