Ta Sha Uku a Gonar Fammar

Fammar, Oktoba 2001

Zuwa ga ƙanena Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da A'isha da yara. Yaya koyarwa a Rano?

Tunda Shari'a ta zo, yaran nan sun matsa a raba gonar babansu, Malam Isiyaku, wadda ta shekara wajen ashirin ba a taɓa ba. Biyu daga cikinsu sun rasu sun bar nasu magada, sai rabon ya rikice. Amiru, babbansu, ya ƙirga maza biyar mata biyu, ya ce kashi goma sha biyu ke nan. Na ce masa sha uku ne.

Ka tuna cikin da Malam ya rasu ya bar ni da shi. Mace ce. Ta yi kuka, ni na ji, Laraba ungozoma ta ji, kafin la'asar ta koma. Ko suna ba a raɗa mata ba. Amiru ya ce sa ta zai kumbura lissafin a banza, tunda kasonta gare mu zai dawo. Ni ba ƙasa nake nema ba, Halliru. So nake a ƙirga ta. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana lissafi a bangon Inna da gawayi, yau ga ranarka.

Yayarka,
Barira

Fammar, Janairu 2002

Zuwa ga ƙanena Halliru,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar A'isha?

Jiya an zauna a zaure, Malam Alu liman ya duba aikinka ya amince, Laraba kuma ta ba da shaida. Da aka karanta cewa sai an ɗauki gonar kamar kashi miliyan biyu da dubu ɗari shida da casa'in da biyar da ɗari shida da tamanin, dariya aka yi. Gonar da ake kewayewa kafin koko ya huce.

Sai liman ya yi bayani yadda ka rubuto. Adadin yana rabuwa takwas saboda kasona, yana rabuwa shida, tara, goma da sha biyu saboda yara da jikoki, ba a bar ragowa ba. Bakwai ba ta shiga cikinsa, sha ɗaya ma haka, don babu mai buƙatarsu. Amma sha uku tana shiga daidai, kuma ba don kowa ba sai don ita. Daga baya Amiru ya zo ɗakina ya tambayi inda aka binne ta.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya raya naka. Abin da na gada daga gare ta bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, na roƙi a yanka mini shi dabam. Zogale zan dasa. Na kuma sa mata suna Ummukulsum, ko da an makara. In ka zo, da sunanta za ka tambayi wurin.

Yayarka mai godiya,
Barira